Ɗaga Kanka, Yaya

Litinin, 14 ga Yuli, bayan La'asar

Yau an kawo mutum na biyu. Na farko ranar Asabar ne, ban rubuta ba don na ɗauka farfaɗiya ce. Wannan daga gona aka ɗauko shi a babur, ɗaya na tuƙi, ɗaya na tallafe da shi ta baya. Yawu na dalala har ƙirji, gumi kamar an tsamo shi daga rafi, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar riɗi. Ga kuma warin nan, tsakanin kananzir da tafarnuwa. Har yanzu yana jikin hijabina.

Mu biyu ne kawai a ɗan asibitinmu na gefen Nasarawan Doya, ni da shugabanmu Malam Saminu. Ni nas ce, shi jami'in lafiya, likita kuwa sai an je Makarfi. Malam ya tambayi masu rakiya abin da mutumin ya ci. Suka ce bai ci komai ba, feshi yake yi wa masararsa, tsutsa ta shiga. Sun riga sun ɗura masa manja da madara a hanya.

Waya ce ta cece mu. Tun bayan Sallah nake cikin wani guruf na waya da wata Dakta Lubna ta buɗe. Likitar taimakon gaggawa ce a wata jiha mai nisa, ban taɓa ganinta ba, muryarta kaɗai na sani. Tana turo mana darasi kyauta, wani da bakinta da Hausa, wani bidiyo ne da ta tsinto a intanet. Darasin gubar maganin feshi ina wanke-wanke na saurare shi, ban zaci zai zo min har ƙofa ba. Na ce wa Malam a cire masa kaya, a wanke shi da sabulu, a kwantar da shi ta gefen hagu, a yi masa allurar atirofin mai karya irin wannan gubar, a yi ta ninkawa har ƙirjinsa ya bushe. Malam ya dube ni, ya ce, "Radiyya, kin tabbata?" Na ce ban tabbata ba, amma haka aka koya mana.

Ƙirjin ya bushe. Mun tura shi Makarfi da ransa.

Talata, 15 ga Yuli, da hantsi

Na kira Yaya Ja'afaru. Shi ma feshi yake yi wa mutane, da shi yake riƙe gidansa da Inna. Na ce ya rufe hanci, ya sa riga mai dogon hannu, ya daina hura bakin famfon feshi da bakinsa in ya toshe.

Dariya ya yi. "Ke Radiyya, tun kina rarrafe nake feshi."

Na tambaye shi wane magani suke amfani da shi bana. Ya ce wani sabo ne, a robar lemo ake sayar da shi a kasuwa, ba takarda a jiki. Gama-aiki suke ce masa. Wai shi kaɗai tsutsar bana take jin tsoro.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan Azahar

Biyu yau. Ɗaya mace ce, kayan mijinta kawai ta wanke.

Atirofin ɗinmu ya ja baya sosai. A bidiyon da na sake kallo, likitan hannu kawai ya miƙa aka ɗora masa kwali guda. Bayan gadon akwai bango mai ramuka, kowane rami da abin da yake fitarwa, wannan iska, wancan tsotso. Na tsayar da bidiyon ina kallon bangon nan, har na manta abin da nake nema. Namu bangon kalandar rigakafi ce a jiki.

Asabar, 19 ga Yuli, da safe

Babu sabis tun jiya. Na tsaya ƙarƙashin ɗorawar bayan asibiti, inda yakan ɗan kama, ina ɗaga waya kamar mai roƙon ruwa. Darasin kashi biyu ne, na biyun ya ƙi sauka.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan Magariba

An kawo wani tsoho daga wajen Taba. Sun daɗe a hanya, rafi ya cika. Bai rayu ba. Sauran ba zan rubuta ba.

Na wanke hannu.

Litinin, 21 ga Yuli, da rana

Wasu mutum biyu daga ma'aikatar lafiya sun zo a farar mota. Sun yi tambayoyi, sun ɗauki robar maganin da 'ya'yan tsohon suka bari, sun ce za a ji daga gare su. Malam Saminu ya raka su har bakin mota yana yi musu maganar atirofin da iskar oksijin. Silindarmu ɗaya ce, kuma allurar agogonta ta kusa kwanciya. Suka ce to.

Malam ya roƙi liman ya yi wa mutane magana ranar Juma'a. Liman ya ce zai yi. Sannan ya rage murya ya ce, "Amma Malam, in ba a yi feshin ba, me za a ci?" Ina jin su ta taga.

Laraba, 23 ga Yuli, da yamma

Na je gida. Inna na tankaɗe, Anti Lantana matar Yaya na wanke wa 'yarsu Sadiya kai. Na ga famfon feshin jingine kusa da randa, na ɗauke shi na kai bayan rumbu. Na ce wa Anti ta daina wanke kayan feshinsa da hannu tsirara, na ba ta safar hannu. Ta karɓa ta yi godiya, ta ajiye a saman kwanuka. Na san ba za ta sa ba, ta ga ta yi kyau da yawa.

Yaya bai dawo ba har na tafi. Gonaki sun yi masa layi.

Alhamis, 24 ga Yuli

Yaya.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan an sauko daga masallaci

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Maƙwabcinmu Maiwada ne ya kawo shi. Famfon ne ya tsage ta baya, maganin ya jiƙa masa riga tun safe, shi kuma ya ce bari ya ƙarasa gonar. Da na fito na ga ƙafafun da ke jan ƙasa a gefen babur, takalmin na gane kafin fuskar.

Ban san yadda na yi ba. Hannuna ne ya yi aikin, ni ina gefe ina kallo. Na yanke rigar da almakashi, rigar da na ɗinka masa da Sallah. Malam na zuba ruwa, ni ina neman jijiya. Ƙirjinsa kamar ana dama fura a ciki. Na ninka, na sake ninkawa. Malam ya ɗago kwalin ya nuna min cikinsa, saura kaɗan. Na ce, "A ba shi duka." Ya ce, "In an kawo wani fa?" Na ce, "Malam, a ba shi duka." Ya ba shi.

Wajen La'asar ƙirjin ya bushe, ya buɗe ido. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ina famfona?"

Maiwada ya tafi Makarfi da Ikara ya zagaya kemis-kemis, ya samo mana ɗan ƙari. Allah Ya saka masa.

Asabar, 26 ga Yuli, da hantsi

Ya zauna. Ya sha kunu, har ya ce tsamiyar ta yi yawa. Inna ta zo. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi a gaban mutane. Daga bakin ƙofa ta tsaya ta ce min, "Yaya jikin wannan?" Yaya ya amsa da kansa, "Wannan ya warke, Inna." Kowa ya yi dariya. Mata na ta shigowa barka, wata tsohuwa har ta riƙe hannuna ta ce gidanmu ya haifi likita.

Na ji daɗi. Bari in rubuta shi don kada in manta, yau na ji daɗi.

Asabar ɗin dai, bayan La'asar

Sabis ya dawo. Kashi na biyu ya sauka.

Ina ma bai sauka ba. Astagfirullah. Ban san me nake so ba.

Dakta Lubna ta ce a cikinsa kada mu saki jiki don mutum ya farfaɗo. Wasu, bayan kwana ɗaya zuwa huɗu, ƙarfin jikinsu yakan fara zarewa daga wuya, ya gangaro zuwa naman da ke jan numfashi. Hankalinsu garau, suna magana, suna ganin kowa. Atirofin ba ya yi wa wannan komai. Injin numfashi ne kawai zai riƙe mutum har jikin ya dawo da kansa, kuma yakan dawo, in an samu injin. Ta ce gwajin ba wuya: ka ce wa mara lafiya ya ɗaga kansa daga filo.

Na koma ɗaki. Yana ba Maiwada labarin wani biri da ya taɓa sace masa hula. Na ce, "Yaya, ɗaga kanka in gyara maka filo." Ya ɗaga. Na dafa goshinsa, ya ture hannuna da ƙarfi. Na fita bayan asibiti na zauna a ƙasa.

Lahadi, 27 ga Yuli, da safe

Ya ɗaga. Amma ya ɗan jima.

Lahadi, bayan Azahar

"Yaya, ɗaga kanka."

"Wai ke filon nan me ya yi miki?"

"Ɗaga dai."

Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Kan ya taso kamar faɗin yatsa, ya koma. Ya sake gwadawa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Kan nan ya yi nauyi. Ilimi ne ya yi masa yawa."

Anti Lantana ta yi dariya. Ni ma na buɗe baki kamar ina dariya.

Na tura wa Dakta Lubna saƙo ita kaɗai, ba a guruf ba. Ban yi zaton za ta amsa ba, mu ɗaruruwa ne. Sai ga kira. Muryar nan da na saba ji ina wanke-wanke ta kira sunana. Ta ce, "Radiyya, ku tashi yanzu, tun yana numfashi da kansa. Kada ku tsaya a ƙaramin asibiti, ku wuce birni. Kuna da ambu?" Na ce muna da ita. Robar nan ce da ake matsawa da hannu a hura wa mutum iska. Ta ce in riƙe ta a cinyata, ba a but ɗin mota ba. Ta ce za ta kira waɗanda ta sani.

Wahalar ita ce gida. Inna ta ce, "Mutum na shan kunu, yana raha, za ki kwashe shi zuwa birni? Ko dai akwai abin da kike ɓoye min?" Kawunmu ya ce karatun waya ne ke ruɗa ni. Na rasa yadda zan nuna musu abin da bai zo ba tukuna. Yaya ne ya raba gardamar. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ku bar ta. Tun tana ƙarama in ta ciji leɓe haka, to ta ga wani abu. A nemo mota."

Litinin, 28 ga Yuli, da yamma, a birni

Jiya mun iso kafin Magariba. Tun a hanya maganarsa ta fara guntulewa, kalma biyu sai ya huta. Daga baya na ɗora masa robar a fuska, ina matsawa, mota na faɗawa ramuka, Anti na riƙe da kansa.

Mutanen nan sun karɓe mu da kyau. Wani matashin likita ya saurare ni har na gama, ya ce, "Sista, kin yi daidai, kin zo a kan lokaci." Suka sa masa bututu a maƙogwaro. Sannan ya ja ni gefe. Injinan numfashinsu kaɗan ne, kuma kowanne akwai mutum a kai. Ya kira wasu asibitoci, Dakta Lubna ma ta kira. Ko'ina maganar ɗaya ce.

Na leƙa ɗakin ta gilashi. Ga bangon nan mai ramuka, irin na bidiyo sak. Ashe akwai shi a ƙasar nan. Tsakanina da shi ƙofa ɗaya.

Sai mu yi ta matsawa da hannu har gado ya samu.

Talata, 29 ga Yuli, da rana

Na koya wa Anti Lantana. Matsa, ki saki, ki ja numfashi naki, ki sake matsawa. Ta iya fiye da yadda na zata. Ta ce kamar tatsar nono ne. Maiwada ya zo, shi ma ya koya. Nas-nas ɗin nan suna karɓar mu in sun samu sarari.

Idonsa biyu. Yana bin mu da kallo. In na karɓa yakan ƙifta min ido sau ɗaya, in hannuna ya yi sauri ya ɗaure fuska.

Na kama kaina ina kallon ƙofar ɗakin can, ina jiran a turo wani a rufe. Na san abin da nake jira. Allah Ka yafe min. Su ma 'yan'uwan wasu ne, ga danginsu nan muna shimfiɗa tabarma tare, wata ma ta ba ni ruwan zafi da safe.

Laraba, 30 ga Yuli, da hantsi

Zazzaɓi ya shiga. Likita ya ce huhu ne, wataƙila wani abu ya gangara ciki tun ranar farko. Sun fara allurai.

Guruf na ta ƙara a jaka. Darasin wannan mako: yadda ake saita injin numfashi. Na kashe wayar.

Laraba, bayan La'asar

Inna ta sa an kira wayar Anti. Na ɗauka na kara masa a kunne, Anti na matsawa. Ina jin muryarta ƙasa-ƙasa. Ta yi addu'a. Sai na ji ta ce, "Ja'afaru." Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta sake cewa, "Ja'afaru, ka ji ni?"

Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga kunne. Na goge da bakin hijabina.

Alhamis, 31 ga Yuli

Anti ce ke matsawa. Ta ce, "Radiyya, zo ki ga, kamar ya yi barci." Na karɓa. Suka zo suka yi abin da ake yi. Na ci gaba da matsawa, na ci gaba, har matashin likitan ya dafa hannuna ya riƙe.

Yatsuna sun ƙi miƙewa. A haka na shiga mota.

Asabar, 2 ga Agusta, da safe

Mutane. Tabarmi. Allah Ya ba da haƙuri. Amin. Allah Ya ba da haƙuri. Amin.

Sadiya ta tambaye ni ko in yi masa wata allurar.

Litinin, 4 ga Agusta, bayan Azahar

Matashin likitan ya turo saƙon gaisuwa. Mutumin kirki ne. A ƙarshe ya rubuta cewa gado ya samu ranar Juma'a da safe, ya ga ya kamata in sani, ko kuwa bai kamata ba, shi ma bai sani ba.

Ban nuna wa kowa ba.

Laraba, 6 ga Agusta, da yamma

Dakta Lubna ta kira. Ta yi min ta'aziyya. Na ce mata, "Dakta, duk abin da kika ce na yi. Ban tsallake ko ɗaya ba." Ta ce ta sani. Na ce, "To me ya amfana? Da ban sani ba, da ya cika a gida, Inna na kusa, ina cewa kwana ne ya ƙare. Yanzu na san sunan abin, na san maganinsa, na san ɗakin da yake."

Ba ta yi min wa'azi ba. Ta ce ita ma akwai ranakun da take tsayawa a gaban irin wannan ƙofar. Ta ce mutumin ranar Litinin da matar da ta wanke kaya suna gidajensu. Na ce haka ne. Gaskiya ce, amma ba ta shiga inda ke min ciwo ba.

Ta ce in na samu ƙarfi wata rana in yi wa 'yan guruf bayanin yadda ake koya wa dangi matsa ambu, don babu wannan a bidiyon kowa. Na ce sai na gani.

Asabar, 9 ga Agusta, da hantsi

Na koma aiki. Malam Saminu ya hana ni taɓa komai, sai awon masu ciki. Masu farar mota ba su dawo ba. An ce Gama-aiki ya ɓace a kasuwa, an kuma ce yana nan, robar ce kawai aka canza. Ba wanda ya san mene ne a ciki, ba wanda ya san daga ina yake.

Kwalin atirofin sabo ya zo, ƙarami. Malam ya sa shi a aljihun rigarsa, da shi yake sallah.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan La'asar

Anti Lantana na takaba, ba ta fita. Jiya ta kira ni ɗaki ta ce tsutsa ta shiga gonarsu, ta gefen rafi. Shi da ya yi wa kowa feshi, tasa ya bari sai ƙarshe. Ta ce, "Masarar nan ita ce abincin yaran nan har baɗi. Ya zan yi?" Na ce zan je in duba, kamar dubawata na kashe tsutsa.

Yau da na tashi aiki na bi ta can. Tun daga nesa warin ya tare ni.

Maiwada ne a tsakiyar gonar. Ba wanda ya sa shi, zumunci ne. Ya aro famfo ya goya, ya tuɓe riga saboda zafi ya ɗaura ta a ƙugu, iska na kaɗo feshin tana mayar masa a fuska. Mutumin da ya kwana biyu yana matsa robar nan da hannunsa.

Na tsaya a kan kunya na ƙwala masa kira. Na ce ya fito. Na ce ya sa riga, ya juya wa iska baya. Rafi ya cika yana ƙugi, masara ta kai kafaɗa. Na ɗaga hannu biyu ina yi masa alama ya tsaya.

Ya hango ni. Ya ɗago hannu ɗaya, ɗayan na kan famfo bai daina bugawa ba. Ya ɗaga murya, iska ta kawo min.

"Haba Radiyya, ba godiya tsakaninmu! Ki ce wa Inna saura kaɗan!"

Ya juya ya shige cikin masarar.